Ciwon Da Ke Ɓuya Da Safe

Ina da shekara 26 lokacin da abin ya fara. Malamar makaranta ce ni, kuma tun ina ƙarama an san ni da surutu. Ummata takan ce idan aka ji gida ya yi tsit, to ko dai na fita ko barci ya sace ni. Saboda haka ranar da muryata ta fara yi mini gardama, ban kawo komai a raina ba.

Darasin ƙarshe ne kafin a tashi. Ina karanta wa yara labari da ƙarfi, na kai tsakiyar shafi na biyu sai na ji maganata tana fita ta hanci, harshena ya yi nauyi, haruffa suna manne wa juna. Yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wata da ke kujerar gaba ta ce, "Malama, mura kike yi?" Na ce a'a. Na ɗauki gorar ruwa na kurɓa, sai ruwan ya biyo ta hancina ya zubo a kan littafin. Aji ya kaure da dariya, ni ma na taya su, to me zan yi? Na ba su aikin rubutu, na zauna na yi shiru. Bayan kamar minti 20 na buɗe baki, sai ga muryata ta dawo garau, kamar ba abin da ya faru. Wannan dawowa da take yi ita ta cinye mini shekara biyu.

Bayan 'yan makonni sai ido. Maigidana ne ya fara lura. Wata rana da yamma ya dube ni ya ce, "Ke, me ya sami idonki na hagu?" Na je madubi na ga fatar idon ta sauko ta rufe rabin ƙwayar, kamar mai jin barci da ido ɗaya. Ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi. Na kwanta, da safe idona tar. Daga baya na fara ganin abu bibbiyu. In na kalli ƙofa sai in ga biyu, ɗaya ta ɗan ɗara ɗaya tsayi. Na sha zuba ruwa a gefen kofi. Matakala ta zama abin tsoro, domin ban san wadda zan taka ba, har na gano cewa in na rufe ido ɗaya da tafin hannu, nan take duniya takan koma ɗaya.

Sannu a hankali abin ya gangaro. In ina rubutu a saman allo, layin farko lafiya, na biyu da ƙyar, na uku hannun ya ƙi ɗaguwa. Taje kai sai na huta sau uku. Shanya sai in roƙi wani. Abincin dare kuwa, loma biyar ɗin farko ne nawa, daga nan muƙamuƙi ya gaji, wani lokaci har sai na tallafe haɓata da hannu. Ga abin da na kasa fahimtar da kowa: wannan ba ta yi kama da gajiyar da aka sani ba, wadda jiki ke ciwo ana hamma. Hankalina a farke yake, zuciyata tana so, na umarci hannu ya ɗagu, ya yi kamar ba da shi nake ba. Jikina ya zama kamar rijiya mai ƙaramin ido: ka ja guga biyu ta ƙafe, ka bar ta ta ɗan jima ruwa ya sake taruwa.

Na je asibiti, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Amma wa ke zuwa asibiti da yamma in ba ciwo ne ya kayar da shi ba? Da sassafe ake zuwa don a kama layi. Kuma da sassafe ni lafiyayya ce. In zauna gaban likita ido buɗe, murya garau, in ce masa idona yana rufewa, maganata tana lalacewa. Ya haska mini fitila a ido, ya ce in matse hannunsa, in matse da ƙarfi. A auna jini, a auna sukari, a duba ƙarancin jini, komai daidai. An ba ni maganin ƙarin jini. An ba ni tabarau. Wani ya ce aiki ne ya yi mini yawa. Wani ya tambaye ni ko muna zaman lafiya a gida, ya rubuta mini maganin kwantar da hankali, wanda na sha kwana uku na ji kamar an ɗaura mini dutse, na ajiye. Ba na ganin laifinsu sosai yanzu. Sun duba matar da ke gabansu, kuma matar da ke gabansu ba ita ce marar lafiyar ba. Marar lafiyar sai bayan azahar take zuwa.

Abin da ya fi ciwon kansa cin raina shi ne fuska. Tsokokin fuska ma sun shiga ciki, sai ya zama in na yi murmushi gefen bakina ba ya ɗagawa, leɓen sama kaɗai ke motsi, murmushin ya fito kamar yatsina. Haɗa wannan da ido rabi a rufe da kuma ɗaga haɓa da nake yi don in ga mutum ta ƙarƙashin fatar idon. Ba a jima ba magana ta zagayo kunnena cewa na fara yi wa dangin miji kallon hadarin kaji. A taro in yi shiru don muryata ta ƙare, a ce girman kai. A wurin aiki shugabanmu ya kira ni ofis, cikin ladabi dai, ya ce, "Malama, mun lura duk abin naki bayan ƙarfe 12 yake tashi." Gaskiya ya faɗa, amma na san abin da yake nufi.

Sai da aka kai lokacin da ni ma na fara zargin kaina. Wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. In na farka da safe na ji ƙarfi, sai in ce wa kaina, kin gani, lafiyarki ƙalau, son jiki ne kawai. In tashi in yi aikin kwana uku a safiya ɗaya don in tabbatar wa kaina, da rana kuma in zube. In zube kuma in ce ai ga shi, ke kika ja. Mutum zai iya jure a ƙaryata shi, amma ranar da ya shiga sahun masu ƙaryatawar, ba shi da sauran wurin tsayawa.

'Yata tana da shekara ɗaya da rabi lokacin. Wata rana da dare na ɗauke ta daga wanka zan kai ta gado, ina tsakiyar ɗaki hannayena suka saki. Ban yi tuntuɓe ba, ban ji jiri ba, kawai suka buɗe. Allah ya sa katifa tana kusa, a kanta ta faɗa, ta yi kukan firgita ta yi shiru. Ni kuwa na durƙusa a wurin na kasa ko miƙa hannu in rarrashe ta. Ƙanwata tana gidan a lokacin, ta shigo da gudu ta same mu a haka. Da ta ji abin da ya faru, ba ta ce mini sannu ba. Cewa ta yi, "Yaya, daga gobe zan riƙa ɗaukar ki hoto."

Haka ta yi. Ƙarfe 7 na safe hoto ɗaya, ƙarfe 6 na yamma hoto ɗaya, a jikin bango ɗaya, har kwana 14. Ta kuma ɗauki bidiyona ina karanta shafi guda da ƙarfi, tun daga inda muryar take daidai har inda ta narke. Da muka jera hotunan a waya, na sama da na ƙasa, ni kaina sai da gabana ya faɗi. Mata biyu ne. Ashe da gaske nake.

Likitan da muka samu a wannan karon matashi ne. Na fara ba shi labarin da na saba bayarwa, ƙanwata ta katse ni ta miƙa masa wayar. Gani ya kori ji. Ya daɗe yana jan hotunan gaba da baya. Sai ya ɗaga alƙalaminsa sama da kaina ya ce, "Malama, kalli nan, kada ki sauke ido sai na ce." Na kalla. Kafin minti ɗaya na ji fatar idon hagu tana zamewa a hankali, ina yaƙi da ita tana saukowa. Ya aika aka kawo ƙanƙara, ya zuba a cikin safar hannu ta roba, ya ce in rufe ido, ya ɗora mini a kai minti 2 yana kallon agogo. Da ya cire, idon ya buɗe gaba ɗaya kamar an yaye labule. Ƙanwata ta yi salati. Shi kuwa bai yi murna ba, takarda ya ɗauka ya rubuta mini zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya ce kada in bari makon ya fita.

A can na fara jin sunan: mayasteniya girabis. A takardun likitoci myasthenia gravis ake rubutawa. Rabin farko daga harshen Girka yake, yana nufin raunin tsoka, na biyun daga Latin, yana nufin mai tsanani. Likitan dattijo ne mai haƙuri. Ya juya bayan wata takarda ya zana mini. Ya ce kowace tsoka sai an aiko mata saƙo take motsi, kuma jijiyar da ke kawo saƙon ba ta manne da tsokar, akwai 'yar siririyar rata a tsakani. In saƙo ya iso bakin jijiya, sai ta fesa wani sinadari mai suna asitilkolin, ya tsallaka ratar ya sauka a kan wasu 'yan ƙofofi da ke jikin tsokar, su buɗe, tsoka ta motsa. A jikina, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ta yi kuskure ta ɗauki ƙofofin nan abokan gaba, tana toshe wasu tana rushe wasu. Bayan hutu jijiya tana fesa sinadarin da yawa, don haka ko ƙofofin kaɗan ne saƙo yana shiga. In aka yi ta maimaita motsi, abin da take fesawa yana raguwa. Haka yake ga kowa, sai dai mai lafiya yana da rarar ƙofofi, ba ya ma ji. Ni ba ni da rara. Sanyin ƙanƙara kuwa yana rage saurin abin da ke share sinadarin daga ratar, shi ya sa idon ya buɗe na ɗan lokaci.

Ya ce ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ya taɓa hankali, ba ya taɓa jin zafi ko sanyi a fata. Ana ƙiyasta mutum 15 zuwa 20 cikin 100,000 ne ke da shi, kuma ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza 'yan sama da 60. Aka ɗebi jinina don neman sojojin garkuwar da ke kai farmakin, waɗanda ake samu a jinin kimanin 85 cikin 100 na masu irin nawa da ya game jiki. Aka samu. Aka yi mini gwajin lantarki, ana ɗan fizgar jijiya a jere ana kallon yadda amsar tsoka ke raguwa a fuskar na'ura. Aka ɗauki hoton ƙirjina.

Ba zan ɓoye ba, ranar da aka tabbatar mini ina da ciwon da ba a warkewa gaba ɗaya, murna na yi. A mota ina hawaye ina dariya, maigidana yana kallona kamar na zautu. Ciwon yana da suna. Wani ya taɓa ganinsa. Tun a 1672 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya rubuta labarin wata mata da takan yi magana lafiya, in ta daɗe tana yi sai ta koma shiru kamar kifi, sai bayan awa ɗaya ko biyu muryar ta dawo. Da na karanta wannan na ji kamar an aiko mini gaisuwa daga wata 'yar'uwa da ta riga ni da shekara fiye da 300.

Ƙwayar farko da aka ba ni piridostigmin ce, wadda aka fi sani da Mestinon. Aikinta hana a share sinadarin nan da wuri, ya ɗan daɗe a rata yana ƙwanƙwasa sauran ƙofofin. Na sha da yamma, lokacin da na fi lalacewa. Bayan kamar minti 40 na ji fuskata tana dawowa hannuna. Na cinye abincina tas, na karanta wa 'yata littafi har ƙarshe. Tana da nata halin, takan murɗa ciki, takan sa gudawa da yawan yawu, kuma bayan awa 3 zuwa 4 ƙarfinta ya tafi. Asalin wannan dabara wata likita ce a Landan, Mary Walker, ta gano a 1934. Ta lura cewa alamomin ciwon sun yi kama da na wanda aka harba da kibiya mai dafin kurare, dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke amfani da shi, sai ta gwada makarin dafin, fisostigmin, a kan wata marar lafiya, matar ta samu ƙarfi na 'yan awoyi. Nakan tuna da ita a duk lokacin da na ɓare ƙwaya.

Amma Mestinon ba ta taɓa tushen ciwon. Don a lallashi garkuwar jiki sai aka ɗora ni a kan firednisolon, aka fara da kaɗan ana ƙarawa, domin in aka fara da yawa yakan ƙara raunin a makonnin farko. Wata shida na yi ina samun sauƙi. A nan ne na tafka kuskuren da ya sa nake rubuta wannan labari.

Maganin ya kumbura mini fuska. Kumatuna suka cika, wuyana ya yi kauri, barci ya ƙaurace mini. Masu cewa ina yatsina da, yanzu cewa suke hutu ya karɓe ni. Ni kuma da na ji ƙarfi, sai tsohuwar muryar nan ta zargin kaina ta dawo tana raɗa mini: anya ciwon ya kai yadda ake faɗa? Na fara tsallake rana. Daga nan na daina gaba ɗaya, ban gaya wa kowa ba, alhali an gargaɗe ni cewa ba a yanke wannan magani lokaci guda. Bayan 'yan makonni na kamu da ciwon fitsari. Maimakon in koma asibiti, na je kantin magani na sayi sifrofuloksasin. Mai kantin bai tambaye ni komai ba, ni ma ban gaya masa komai ba. Takardar da likita ya ba ni, mai ɗauke da sunayen magungunan da ke tayar da ciwona, tana cikin jakata a ninke. Sunan wannan maganin yana kai.

Dare na uku na kasa kwanciya. In na miƙe a gado sai in ji numfashi ya ƙi shiga, sai na zauna. Yawu ya taru a bakina na kasa haɗiya. Na yi ƙoƙarin tari, ya fito kamar huci. Kaina ya faɗo gaba, wuya ya kasa riƙe shi. Maigidana ya ɗauke ni cak zuwa mota.

A asibiti aka maƙala mini 'yar na'urar nan mai auna iskar jini a yatsa, ta nuna 97. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Iskarki lafiya lau, ki kwantar da hankalinki." Ƙirjina ba ya ƙara, ba na haki irin na mai asma, don haka a ido ban yi kama da mai mutuwa ba. Ina so in ce mata ba huhuna ba ne, tsokar da ke jan numfashin ce ke tsayawa, amma ba murya. Maigidana, mutumin da ba ya ɗaga murya ko a gida, ya zazzage jakata a kan tebur, ya zaro takardar nan ya ce ba zai matsa ba sai likita ya karanta. Likitan da ke aiki a daren ya karanta, ya sunkuyo ya ce, "Ja numfashi ɗaya, ki ƙirga da ƙarfi har inda za ki iya." Na kai 9. Daga nan ɗakin ya cika da mutane. Daga baya aka bayyana mini cewa a wannan ciwo na'urar yatsa takan nuna lafiya har sai abu ya kusa ƙurewa, kuma kimanin 15 zuwa 20 cikin 100 na masu ciwon sukan shiga irin wannan hali aƙalla sau ɗaya a rayuwa.

Kwana 6 na yi na'ura tana yi mini numfashi. Wani ɓangaren ban san shi ba, amma lokutan da nake farke, ina nan gaba ɗayana. Ina jin komai. Idanuna sun ƙi buɗewa, bututu a baki, sai mutane su tsaya a kaina suna magana a kaina kamar ba na wurin. Ƙanwata kaɗai, in an bar ta ta shigo, takan sa yatsa ta ɗaga mini fatar ido ɗaya, ta kawo fuskarta kusa ta ce, "Yaya, ni ce. Yau Talata. Yarinya tana lafiya, ta ci abinci." Ta riƙe fatar har in gama kallonta, sannan ta sauke a hankali. Ban san abin da zan saka mata da shi ba har gobe.

Aka yi mini ƙarin wani ruwa na sinadaran garkuwa da ake tattarawa daga jinin masu ba da gudummawa, kwana 5 a jere. Tsadarsa ta girgiza gidanmu, an sayar da abin da aka sayar, ba wanda ya taɓa yi mini gori. Ranar da aka cire bututun, dattijon likitana ya zo ya zauna a gefen gado. Na zaci faɗa zai yi. Ya ce, "'Yata, me ya sa ba ki gaya mini ba?" Na nuna masa kumatuna. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da kin faɗa, da mun nemo wata hanya. Fuska za ta sauka." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar na haddace takardar. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su jentamaisin, sifrofuloksasin da azitiromaisin, da kwinin, da allurar magnesiyam, da wasu magungunan hawan jini da bugun zuciya, da waɗanda ake saki tsoka da su a ɗakin tiyata, duk suna iya tayar da shi. Ba wai an haramta su kwata-kwata ba, wani lokaci dole a yi amfani da su, amma sai likita ya sani ya auna. Zazzaɓi, tsananin zafi, rashin barci da tashin hankali su ma suna tayar da shi. Yanzu ko maganin ɗigawa a ido za a ba ni, sai na fara faɗin sunan ciwona, ko da mai sauraron zai ga na cika iyayi.

Aka ƙara mini azatiyofirin, wanda ke ɗaukar watanni kafin a ga aikinsa kuma sai ana duba jini da hanta akai-akai, don a samu a rage firednisolon. Sai kuma maganar tiyata. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar gaɓa mai suna taimus. Tana da girma a jikin yara, a nan ake horar da wasu sojojin garkuwar jiki, in mutum ya balaga sai ta riƙa motsewa tana komawa kitse. A yawancin masu ciwona tana da matsala, kuma 10 zuwa 15 cikin 100 akan sami ƙari a cikinta. Tawa ba ƙari, amma ta ƙi motsewa. Na ji tsoro ƙwarai, ni da na ga yadda numfashi ke tafiya. Likita ya gaya mini wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya bi marasa lafiya 126 har shekara uku, aka ga waɗanda aka cire musu taimus sun fi samun ƙarfi kuma sun fi buƙatar magani kaɗan. Ya kuma ce kada in sa ran tashi daga tiyata a warke. Na yi wata biyu ina juya maganar kafin in sa hannu. Sauƙin bai zo da ganga ba. Wata rana dai, bayan fiye da shekara, na lura na gama taje kaina ban huta ba, kuma ban tuna yaushe na fara iyawa ba.

Na sake haihuwa, bayan an zauna an gyara magungunana tun kafin ciki. Kowa a ɗakin haihuwa ya san maganar magnesiyam, domin na maimaita ta har sun gaji. Yaron ya zo da raunin tsotso da ƙaramin kuka, abin da kan sami jarirai ɗaya zuwa biyu cikin goma na iyaye irina, saboda sojojin garkuwata da suka tsallaka jikinsa. Aka kula da shi, cikin mako uku ya washe. Yanzu ba mai iya rufe masa baki, ya gado ni.

Game da mutane, ba kowa ne ya dawo ba. Surukata ta zo asibiti ta gan ni da bututu, tun daga nan ba ta sake ambatar kallona ba, kuma in na je gidanta da yamma takan ce, "Zauna 'yar nan, ba sai kin yi magana ba." Wannan ita ce ban haƙurinta, na kuma karɓa. Wasu kuwa sai da suka ji cewa jarumin finafinan Indiya Amitabh Bachchan ya yi fama da ciwon sannan suka yarda na gaske ne, tunda ya kama babban mutum. Akwai kuma waɗanda har yau in suka gan ni da safe sukan ce, "Ai ga ki garau." Na daina bayani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekarata 35 yanzu. Na koma aji, an mayar mini da darussana duka kafin rana ta take. A ƙasan allo nake rubutu, saman kuma yara ke taya ni. Ina shan ƙwayata rabin awa kafin abinci. Akwai makonnin da nake mantawa da ciwon, akwai kuma ranakun da ido ke sauka tun hantsi, in soke duk abin da na shirya. Tsohuwar muryar nan ba ta mutu ba, takan zo a safiyoyi masu kyau ta tambaye ni ko har yanzu ina buƙatar magungunan. Hotunan nan 28 suna nan a wayata, na bi da su waya uku.

Likita ya ce in riƙa gwada ƙirgar numfashi ɗaya, in na kasa kai 20 in taho ko tsakar dare ne. 'Yata, wadda ta faɗa kan katifa a daren nan, ta mayar da abin wasa tun tana ƙarama, ba ta san dalilinsa ba sai bara da na zaunar da ita na gaya mata. Na zaci za ta daina. Jiya da dare ta leƙo ɗakina da littafin makaranta a hannu, ta ce, "Umma, ƙirga." Muka ja numfashi tare. Ta ƙare a 31, tana dariya tana haki. Ni na kai 34.